Jirgi ya kife, ƙafa ta karye: wa zai biya?

 Wanga karo mun aje maganar iri da taki. Za mu yi maganar ruwa, da haƙƙin mutumin da ya ji ciwo cikin jirgi.

Kakanninmu na Adar mutanen dutse ne da fako da kwari, ba su san jirgi ba. Amma ƙasa ta sake. Tun da Furoje Keita ya fara aiki a 1984 da taimakon Italiya da FAO, an tare ƙoramu da yawa, ruwa ya samu wurin kwana. Ga kuma tabkin Keita, ga babban tabkin Tabalak arewa da mu. Inda ruwa ya kwana kifi yana zuwa, inda kifi ya zo jirgi yana biyo shi. Ran da damina ta cika ta datse hanya, jirgin masunci shi ke komawa jirgin fito. A zuba mata da yara, a ɗora buhu, a ɗora moto, wani lokaci har da rago. Yawancinmu kuwa ba mu iya iyo ba.

Ku tuna abin da ya faru ga maƙwabta. A watan Satumba 1917 ba mu da rediyo, amma a Satumba 2017 kowa ya ji: jirgin ƴan kasuwa da ya taso daga Gaya za shi kasuwar Lolo a Najeriya ya nutse cikin kogin Kwara, an fiddo gawa sama da 30. Kada ku ce ai wancan kogi ne. Ran 30 ga Nuwamba 2021, cikin baraj na Watari da ke Bagwai a ƙasar Kano, jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Ruwan baraj ne, irin namu. A Agusta 2025 kuma wani ya kife da mutanen da za su kasuwar Goronyo a ƙasar Sakkwato. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Rediyo matattu take ƙirgawa. Manya su zo jaje, a yi addu'a, a watse. Wanda aka fiddo da rai, da karayar cinya ko ƙugu, ko yaron da ya sha ruwa har ya shiga huhunsa, ba mai ƙirga shi. Shi ne zai kwana wata uku bisa tabarma, gonarsa ta cika da haki, a saida akuya a sayi magani. In ya buɗe baki ya ce wa zai biya, sai a ce masa: «Haba, ƙaddara ce. Ka gode Allah da ka fito.»

Ni ra'ayina shi ne ya gode Allah, kuma ya nemi haƙƙinsa. Biyun ba su faɗa da juna.

Ku tambayi malamanku na zaure. Alƙur'ani mai girma, cikin suratun Nisa'i aya ta 92, ya wajabta diyya ga kisan kuskure, wato wanda aka yi ba da niyya ba. Littafin Risala da ake karantawa a garuruwanmu ya jera abin daki daki: rai raƙumi 100, hannu ɗaya rabin haka, yatsa raƙumi 10, haƙori raƙumi 5. Malaman da suka rubuta wannan sun fi mu sanin ƙaddara, duk da haka suka ce a biya. Gaskiya ne an yarda mutum ya yafe, kuma yana da lada. To amma mai abu shi ke yafewa, da ransa, bayan ya san iyakar abin da ya rasa. Yafewar da aka matsa wa mutum a zaure cike da dattawa, yana kwance ƙafa a ɗaure, ni ban kira ta yafewa ba. Wadda ta fi ba ni haushi ita ce ta kawu ko baffa da zai ce «mun yafe» da sunan yaro ƙarami ko matar da ba a ko tambaya ba. Ƙafar yaron ce, shi zai ja ta har tsufa.

Gidan shari'a na Nijar ba ya ƙirga raƙuma, da kuɗi yake hukunci. Amma tushen maganar ɗaya ne. Dokar farar hula, wadda ake ce wa kod sibil, tana da ayoyi uku da ya kamata ku riƙe lambarsu. Ta 1382 ta ce wanda ya jawo wa wani ɓarna da laifinsa, dole ya gyara. Ta 1383 ta ce ko da sakaci ne ko rashin kula, dole ya gyara. Ta 1384 ta ce mutum yana ɗaukar nauyin abin da yaransa na aiki suka yi, da abin da kayan da ke hannunsa suka jawo. Ma'anar wannan ta ƙarshe babba ce. In mai jirgi yana zaune gida, ya ba ɗan shekara 15 sanda ya ce je ka yi fito, to mai jirgin za a nema. In jirgin na ƙungiyar masunta ne, ƙungiyar za a nema.

Akwai wata tsohuwar shari'a da ta dace da mu. A 1911 babbar kotun Faransa ta duba ƙarar wani fasinja da ya shiga jirgin ruwa daga Tunis za shi Bon, garin da ake ce wa Annaba yau a Aljeriya. Wata ganga da ba a ɗaure da kyau ba ta faɗo masa a ƙafa. Kotun ta ce wanda ya karɓi kuɗinka don ya kai ka wani wuri, ya ɗauki alkawarin kai ka lafiya lau. Daga can dokarmu ta samo asali. Saboda haka dala biyar ɗin da ka miƙa wa mai fito ba sadaka ba ce, alkawari ka saya. In bai kai ka lafiya ba, shi ne zai yi bayani.

Kada wani ya ce ina zuga mutane kan masu jirgi. In iska ce ta taso farat ɗaya, jirgi lafiyayye, kaya daidai, mai shari'a yana duba wannan. In kai ne aka ce maka jirgi ya cika ka tsallaka ciki da ƙarfi, ko ka miƙe tsaye tsakiyar ruwa kana wasa, laifinka zai rage abin da za a ba ka. Amma jirgin mutum 10 da aka zuba wa 25, ko mai yoyo da ake kwalfewa da ƙwarya tun daga baki, ko fito cikin duhu ba fitila, wannan sakaci ne, sunansa ke nan.

Yanzu ga inda ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci kuka fi kowa amfani. Haƙƙi yana ɓacewa ne cikin kwana ukun farko, don ba wanda ya rubuta komi.

Ran da abin ya faru, bayan an ceci rai, a samu mutum ɗaya ya ɗauki biro da kaye. Ya rubuta rana da lokaci. Ya rubuta sunan mai jirgi da na wanda ke tuƙi. Mutum nawa ke ciki, buhu nawa, akwai moto ko dabba. Ya rubuta sunan mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu, da garinsu. Mai wayar da ke ɗaukar hoto ya ɗauki jirgin kafin a liƙe ramin. Bayan wata biyu kowa zai ce ba ya nan, ko ya manta. Takarda ba ta mantuwa. A gaya wa maigari, a gaya wa jandarma, su zo su rubuta tasu takardar.

Sai likita. Na san da yawa za su fara zuwa wurin mai ɗori, kuma ban raina aikinsa ba. Amma mai ɗori ba ya ba da takardar da gidan shari'a ya sani. A fara kai mai ciwo likita, a nemi sartifika. Cikinta likita zai rubuta irin ciwon da yawan kwanakin da mutum zai yi ba aiki. Wannan lamba ta kwanaki ita ce mai shari'a ke fara dubawa. Wanda ya sha ruwa kuwa, ko ya tashi yana tafiya da ƙafarsa, a kai shi a duba ƙirjinsa. Tari da zazzaɓi da numfashi sama sama suna iya biyowa daga baya, musamman ga yara.

Ku aje kowace ƴar takarda cikin leda: ta magani, ta hoton ƙashi, ta kwanan asibiti. Abin da ba a ba da takardarsa ba, ku rubuta da kanku. Kuɗin mota zuwa Tawa ko Galmi, da na mai jinya. Kuɗin ƴan ƙwadago da aka ɗauka suka yi noman fari da maimai a madadin mai ciwo. Buhun albasa ko na kauɗa da ya tafi cikin ruwa. In mace ce mai saida abinci a kasuwa, kasuwa nawa ta rasa. Mutanenmu suna ƙirga magani kaɗai su manta damina, alhali damina ita ce babbar hasara. Manomin da ya karye a watan Yuli, shekara guda ya karye.

Daga nan hanya biyu ce. Ta farko sulhu gaban sarki. Dokar sarautar gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna ikon sasanta mutane kan irin wannan magana ta kuɗi, kuma ta ce a rubuta takardar sulhu. Ni na fi son wannan hanya in za a yi ta da gaskiya, don mai jirgi maƙwabcinka ne, gobe ma tare za ku yi jana'iza da suna. Amma ku kiyaye abu biyu. Kada ku sa hannu kan jimlar ƙarshe tun ciwo bai nuna inda zai tsaya ba. Karaya tana iya warkewa sarai, tana iya barin ɗingishi na har abada, kuma ba a sanin haka sati biyu. A rubuta cewa mai jirgi zai riƙa biyan magani yanzu, sauran magana sai likita ya ce ciwo ya tsaya. Na biyu, takardar ta faɗi nawa ne, da ranar biya. «Bayan kaka» ba rana ba ce. A ce jika kaza ran kaza, sauran ran kaza bayan an cire albasa. Ku karanta da kanku kafin ku dangwala. Sa'an nan a kai ta gidan shari'a a buga mata hatimi. Da hatimin nan, in mutum ya ƙi biya, hukuma tana iya tilasta shi.

In sulhu ya ƙi, sarki zai rubuta cewa bai yiwu ba, sai gidan shari'a na Keita, ko na Buza, ko na Madawa. Ku san wani abu: jin wa mutum ciwo da sakaci laifi ne a doka, hukuma tana iya gurfanar da mai jirgi ko an yi sulhu. Ran da aka kira shari'ar, kada ka tsaya a matsayin shaida kaɗai. Ka ce wa mai shari'a kana neman diyyarka, da Faransanci ana ce wa haka parti sibil. Ka miƙa ledar takardunka, ka faɗi jimla. In ba ka nema ba, ba a ba ka. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya, a 2011 gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ don taimakon talaka kan shari'a, sai ya tambayi bironta a babban gidan shari'a na Tawa. Kuma kada a bari shekaru su wuce, ƙara tana da wa'adi.

Saura magana mai wuya. Ka ci shari'a, to ina kuɗin? In mota ce ta buge ka, akwai kamfanin asurans bayanta, don dokar CIMA da ƙasashenmu suka sa wa hannu a Yawunde a 1992 ta tilasta asurans ga mota da moto. Tilascin nan na abin hawa mai inji ne da ke tafiya bisa ƙasa, jirgin fito ba ya ciki. Mai jirgi kuwa sau da yawa dukiyarsa duka ita ce jirgin da ya nutse, da taru, da ƴar gona. Ka matse shi ka kashe gidansa, kai ma ba ka samu rabin maganinka ba.

Nan ma magabata sun riga mu tunani. A fiƙihu, babbar diyya ta kuskure ba a ɗora ta kan mutum ɗaya, danginsa ke haɗuwa su biya sannu sannu cikin shekara uku. Dangin mai jirgi a yau su ne ƴan uwansa masu jirgi. Kowane tabki, masunta da masu fito su buɗe asusu. Kowane fasinja a cire dala ɗaya cikin kuɗin fitonsa, kowane masunci ya zuba wani abu ran kasuwa. Kuɗin su zauna hannun mutum biyu, kaye ya zauna hannun na uku wanda ya iya rubutu, a karanta lissafi gaban kowa ƙarshen wata. Asusun ba zai biya diyyar rai ba, amma zai kai mai karaya Tawa ran da ya karye ba tare da an saida akuya ba.

Kuma da zarar kuɗin kowa ya shiga ciki, za ku ga masu jirgi sun fara tsawata wa juna, don ba mai son ganin asusunsa ya ƙare saboda kwaɗayin mutum ɗaya. Su da kansu za su ja layin fenti a jikin jirgi, su ce in ruwa ya taɓa nan ba a tashi. Su rubuta yawan mutanen da jirgi ke ɗauka da manyan lambobi, yadda ke da kika gama ajin dare za ki karanta tun daga bakin ruwa, ki ƙirga kawuna, ki ce wa ɗiyarki ta jira sawu na biyu.

Garin da ke son buɗe irin wanga asusu, ya gaya wa malamin gona na yankinsa ko ma'aikacin gandun daji, a zauna da maigari a rubuta ƙa'idodin kafin ruwan bana ya cika.