A Daina Mai Da Gudu Hukunci

 Na san wasu da sun ga kan maganata za su ce yaron nan ya rasa abin rubutawa ne sai gudu, alhali ga jarrabawa tafe. Ina roƙon a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin kuwa abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a jikina na gani.

A watan Satumba na shekarar 2021 mahaifina ya tafi ƙaro ilmi a birnin Mancesta na ƙasar Ingila, ya ɗebe mu duka, ni da mahaifiyata da ƙannena biyu. Ina da shekara 12 a lokacin, muka kuwa yi shekara biyu a can. Kafin mu tashi abokaina na unguwa har cewa suke na more, wai zan je garin ƙwallo. Amma Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Turancin da nake taƙama da shi a gida sai ya ƙi yi mini rana, domin in yaran nan suka yi magana sai ka ce tauna kalmomin suke yi, in na yi tawa kuma su ce in sake. Da na gaji da sakewa sai na daina magana ɗungurungum. Wata biyu cur ina cin abincin rana ni kaɗai a ƙarshen tebur. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni, ba kuma wanda ya san sunana. Da sanyi ya kama, tun wajen ƙarfe huɗu rana take faɗuwa, in dawo gida da duhu-duhu in tarar da mahaifiyata tsaye a bakin taga. Ita ma ba ta da kowa.

Ana nan sai aka ce za a yi gudun daji na gasar gidaje, domin su ma suna raba ɗalibai gida-gida kamar yadda muke yi. A ranar ce 'yan ajinmu suka fara kula ni, amma bisa kuskure. Su a wurinsu duk ɗan Afirka ɗan Kenya ne. A lokacin sunan Eliud Kipchoge na bakin kowa, wanda ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana a 2019. Suka kewaye ni suna murna, wai gidanmu ya sami mai ciyo masa kofi. Na rasa Turancin da zan gaya musu cewa gwanayen Kenya a kan tsaunuka suke motsa jiki, irin su garin Iten mai tudun mita 2,400, ni kuwa daga Kano na fito, inda gudun da na sani bai wuce na bin ƙwallo a lungu ba.

Aka busa usur, na fita da ƙarfi kamar wanda kare ya biyo, don kada in ba su kunya. Ban yi rabin hanya ba numfashina ya ɗauke. Ga ruwan sama, ga taɓo har idon sawu, ga kambas a ƙafata, su kuwa gwanayen da takalma masu ƙusoshi. A wata gangara santsi ya kwashe ni na faɗi, takalmina ɗaya ya maƙale a laka. Na zauna a wurin na ce na gama. Sai wani yaro mai jan gashi, ƙato, wanda shi ma haki yake kamar zai shiɗe, ya tsaya ya zaro takalmin ya miƙo mini, ya ce in tashi, gidanmu na bukatar makina. Ashe dokar gasar ita ce duk wanda ya kai ƙarshe, ko da rarrafe ne, gidansu na da maki ɗaya. Muka ƙarasa tare, mu ne kusan na ƙarshe, muka tarar 'yan gidanmu a tsaye cikin ruwa suna kiran sunana. Ba su faɗe shi daidai ba, amma dai nawa ne. Kashegari da na ɗauki abincina na nufi ƙarshen tebur, sai yaron nan ya jawo kujera kusa da shi.

Mahaifiyar wannan yaro ita ce ta gaya mana labarin wani gudu da ake kira parkrun. An fara shi a wani lambun shaƙatawa na Landan mai suna Bushy Park a 2004 da mutum 13 kacal, yanzu kuwa ana yin sa a ƙasashe fiye da 20, har da Afirka ta Kudu. Kilomita 5 ne, kowace Asabar da ƙarfe tara na safe, kuma ba a biyan ko kwabo. Mu a lambun Platt Fields muke yin namu, kusa da inda muka zauna. Za ka ga tsoho mai furfura, ga mace tana tura jaririnta a keke, ga malaminmu na lissafi yana haki a bayan ɗalibansa, a ƙarshe kuma a aiko wa kowa da lokacinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne akwai mutum guda cikin 'yan sa kai wanda aikinsa kawai shi ne ya zo na ƙarshe. Yana tafe a bayan kowa, ba ya wuce kowa, komai sanyin tafiyar mutum. Watau an shirya abin ne yadda ba mai jin kunyar cewa shi ne kurar baya.

Mahaifiyata ba ta taɓa yin gudun ba, kuma ba wanda ya ce sai ta yi. Rakiya take yi mini. Wata Asabar aka rasa mai tsayawa a wata kwana ya nuna wa masu gudu hanya, aka roƙe ta, ta ɗora riga mai ƙyalli a kan hijabinta ta tsaya. Daga wannan tsayuwa ta san iyayen 'yan ajinmu, daga nan suka ja ta cikin ƙungiyar iyaye da malamai, har ranar wasannin makaranta ta soya ƙosai aka sayar don asusun makaranta, ya ƙare kafin kek ɗin Turawa. Da azumin 2022 ya zo, muna kai awa 15 ko fiye ba mu sha ruwa ba, malamin wasanni bai tilasta mini gudu ba, bai kuma bar ni a gefe ba. Agogo ya ba ni in riƙa auna lokacin sauran.

Kada a ce ina yabon Turawa ne ido rufe. Akwai ranar da wani ya leƙo daga mota ya jefe ni da baƙar magana saboda launin fatata, ina cikin gudun nan kuwa. Akwai kuma yaran da har na baro ƙasar ba su taɓa amsa gaisuwata ba. Abin da nake cewa shi ne baƙon da bakinsa ya mutu yana bukatar wani abu da zai yi tare da mutane wanda ba sai da baki ba. Ƙwallo sai an zaɓe ka, muhawara sai ka iya harshe, gudu kuwa ƙafa biyu kawai yake nema. Ina can a 2022 Mo Farah, wanda ya ci wa Ingila lambobin zinariya huɗu a wasannin Olamfik na 2012 da 2016, ya fito ya bayyana cewa satar hanya aka yi aka kawo shi ƙasar daga Jibuti yana ɗan yaro, aka sa shi bauta a gidan da bai san kowa ba, sunan da yake amsawa ma ba nasa ba ne. Wa ya fara buɗe wa cikinsa? Malaminsa na wasanni, Alan Watkinson, wanda ya kai maganar ga hukuma aka raba shi da gidan.

To, yanzu bari in dawo gida, domin a nan ne maganar take. Tun da na shigo wannan makaranta tamu, sau nawa na ga an yi gudu don daɗi? Ka makara zuwa taron safe, zagaya fili sau biyar. Ba ka share harabarka ba, zagaya fili sau goma. Ranar gudun daji kuma manya ne ke bin ƙanana a baya da bel, wanda ya gaji ya sha duka, shi ya sa rabin ɗakin kwana ke kwanta ciwon ƙarya tun daren Juma'a. Yaron da ya shekara shida ana hora shi da gudu, ta yaya zai so shi in ya girma? Sa'an nan gasar gidaje sau ɗaya ce a shekara. A kafa rumfa, a gayyato manyan baƙi, yara biyar ko shida na kowane gida su yi tsere, mu ɗaruruwa muna zaune a rana muna tafi. Ina girmama gwanayenmu, Allah ya ƙara musu ƙarfi. Amma filin nan namu ne duka.

Mu tuna kuma makarantar kwana cike take da baƙi. Duk ɗan aji ɗaya da aka sauke da akwatinsa a bakin ƙofa, abin da na ji a Mancesta shi yake ji. A ɗakinmu akwai wani yaro da ya zo daga tsaunin Mambila, Hausarsa ba ta nuna ba, in ya yi magana sai a yi dariya, yanzu ya daina. Na ga inda yake zama a ɗakin cin abinci, na kuwa gane wurin.

Iyayenmu za su ce karatu muka turo ku, ba guje-guje ba. Gaskiya ne, Baba, gaskiya ne, Inna. Zan iya kawo misalin Tobi Amusan, 'yar Ijebu Ode, wadda gudu ya kai ta jami'a a Amurka, ta kuma kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a 2022. Amma ba zan fake da ita ba, domin cikin dubu da wuya a sami ɗaya irinta, ni ma ba na ciki. Hujjata ƙarama ce. A wata biyun nan da nake cin abinci ni kaɗai ban fahimci komai a aji ba, sai da na sami abokan zama sa'an nan karatun ya fara shiga. Yaron da ke kuka a ƙarƙashin bargo ba ya riƙe lissafi. Wasu kuma za su ce ina abincin da za a yi gudu a kansa, da kokon safe? Wannan magana ce mai nauyi, ba na musunta. Shi ya sa ban ce a yi kilomita 5 ba. Biyu sun isa, da sanyin safiya, wanda ya gaji ya taka a hankali.

Saboda haka ina roƙon shugaban makaranta da malamin wasanni, cikin ladabi, a cire gudu daga cikin hukunci, ga shara nan ga yankan ciyawa in laifi aka yi. A ba mu safiyar Asabar bayan sallar asuba, kowa da kowa, har malamai da masu dafa mana abinci in suna so. A rubuta wa kowa lokacinsa a littafi don ya riƙa tsere da kansa na makon jiya, duk wanda ya ƙarasa kuma a ba gidansu maki ɗaya, a tara har ranar gasa. Ba a bukatar kuɗi, agogo ɗaya ne da usur da littafi. Manyan da ke riƙe da bel su ajiye shi su tsaya a kwana suna nuna hanya.

In an yarda, ni na ɗauki aikin zuwa na ƙarshe. Na riga na yi wa yaron Mambila magana, ya ce zai zo, ko da yake ina zaton ba zan gan shi a baya ba, domin na taɓa ganin yadda yake hawa tudun bayan ɗakin kwana da bokiti biyu na ruwa.