KAFIN ƊANKA YA HAU MOTAR FARAUTA, KA TAMBAYI WA ZAI JA SU

Yau zan taɓo abin da na san wasu ba za su ji daɗinsa ba, musamman abokaina mafarauta na Dutsin-Ma da Kurfi. Ku yi mani haƙuri, ku karanta har ƙarshe kafin ku fara kirari.

Shekaranjiya wani yaro ya nuna mani bidiyo a waya: wani Bature a jihar Texas ta Amurka ya harbe wata dabba mai manyan ƙahoni, da gashi yana zubo mata daga wuya zuwa ƙirji. Yaron ya ce, "Kawu, dubi irin naman dajin Turawa." Na ce mashi kai yaro, wannan ai ragon dutse ne, namu ne. Asalinsa duwatsun arewacin Afirka da Sahara ne, har da duwatsun Azbin da ke ƙasar Agadas, nan maƙwabtanmu Nijar. A 1957 aka fara sakinsa a kwazazzabon Palo Duro na Texas. Yau ya yi yawa a can har yana takura wa ragon dutsensu na asali. A gidansa kuwa, yana cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, duk da cewa gandun Azbin da Tenere na cikin wuraren tarihi na UNESCO tun 1991.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne yadda mutumin can ke zaɓen wanda zai kai shi dawa. Kusan duk ƙasar Texas mallakar mutane ce, don haka ba ka isa ka ɗauki bindiga ka faɗa filin wani ba. Akwai masu sana'ar jagorancin farauta, ana biyan su dubban daloli. Kafin mutum ya ba da ko sisi sai ya tambaya: filin na wane ne, kuma kana da izinin mai shi? Mutum nawa jagora ɗaya ke riƙewa? Kuɗin nan ya haɗa da abinci da makwanci? Ba ni lambar waɗanda ka kai bara in ji daga bakinsu. Sannan a rubuta yarjejeniya. Shi kansa maharbin sai ya yanki lasisi, kuma da yawa daga cikin jagororin sai sun sa ya gwada saitin bindigarsa a gabansu kafin a hau dutse. Duk wannan saboda rago ɗaya.

To mu fa? Mu da ke ba da 'ya'yanmu, me muke tambaya?

Bari in faɗa maku abin da ya faru a gidanmu bara da rani. Wani mutum, ba zan kama sunansa ba, ya zo yana tara samari wai za a fita farautar kwana uku. Kowa ya kawo kuɗin mota da na abinci. Ɗan ƙanwata, wanda ko shekara ashirin bai cika ba, ya sayar da buhun gero ya biya. Ba wanda ya tambayi wane daji za a shiga. Ba a gaya wa mai unguwa ba, balle dagaci. Aka loda su a bayan a-kori-kura, mutane da karnuka da gariyo, ana kiɗa ana kirari. Rana ta biyu karnuka biyu suka kama zomo ɗaya, gardama ta tashi kan karen wa ya fara kamawa, aka zaro makamai. Yaron nan ya dawo da sara a hannu, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasawa. Wanda ya tara su kuwa, da aka neme shi, sai ya ce ai haka farauta ta gada. Kuɗin asibiti ƙanwata ce ta biya da akuyarta. A kan zomo, jama'a!

Ƙarya ne, ba haka farauta ta gada ba. Ku tambayi tsofaffinku. A da, Sarkin Dawa ko Sarkin Baka ke sa ranar fita, da sanin hakimi. Ya san dajin kamar cikin gidansa: inda ruwa yake, inda ake kwana, inda ba a shiga. In gardama ta tashi kan nama, maganarsa ɗaya ta raba ta. Maharbin kirki ba ya harbin mai ciki, ba ya sa wa daji wuta don gafiya. Yaro kuwa sai ya yi shekaru yana ɗaukar jaka a bayan uban gidansa kafin a damƙa mashi baka. Ashe tsarin da muke gani wajen Bature muna sha'awa, muna da irinsa, mu muka yar.

Kuma dajin yau ba na jiya ba ne. Duk wanda ke zaune tsakanin Dutsin-Ma, Kurfi, Safana da Batsari ya san abin da dajin Rugu ya zama. Ayarin samari da makamai a bakin daji, wa zai tsaya ya tantance su? Ɓarayin daji za su ɗauka 'yan sa-kai ne. Jami'an tsaro da askarawan Community Watch Corps da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023 za su iya ɗauka ɓarayi ne. Mutanen ƙauyen da aka ratsa, waɗanda ke kwana da ido ɗaya, su ma haka. Ba mu manta da Uromi ta jihar Edo ba, inda a watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyarsu ta komawa Kano yin sallah daga Fatakwal, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Zalunci ne tsantsa, babu uzurin da zai wanke waɗanda suka aikata shi, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Jagoran da zai fita da 'ya'yan mutane a wannan zamani ba takarda, ba sanarwa, wallahi wasa yake da rayukansu.

Na san me za a ce mani. Za a ce farauta gado ce. Na yarda, kuma don gado ce nake magana. Za a ce mafarauta ne ke taimakon tsaro. Wannan ma gaskiya ne, kowa ya tuna rawar da maharban Adamawa suka taka a 2014 wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Sai dai waɗancan suna da shugabanni sanannu, ana iya kiran mutum a ce ina yaranka. Za a ce mu talakawa ne, ba mu da dala. Tambaya ai ba a sayen ta. Matambayi ba ya ɓata.

Don haka, uba ko uwa ko yaya, in an zo ɗaukar naka, ka zaunar da jagoran ka tambaye shi:

1. Wane daji za ku, kuma yaushe rabonka da shi?
2. Dagacinmu da na garin da za ku sauka sun sani? An sanar da DPO?
3. Bindigogin da ke cikinku, ko da harba-ka-ruga ce, suna da lasisin 'yan sanda?
4. Mutum nawa ne, kuma an rubuta sunayensu an bar wa mai unguwa?
5. Wa ke raba gardamar nama? Masu shaye-shaye za su shiga motar?
6. In wani ya ji rauni, wa zai kai shi asibiti, wa zai biya?
7. Ina waɗanda ka fita da su bara? Zan je in ji daga gare su.

In ya amsa cikin natsuwa, wannan mafarauci ne, ka sa wa ɗanka albarka. In ya fusata, ya fara ce maka ƙarfe ba ya cin sa, ka riƙe ɗanka a gida. Ko da ƙarfe ba ya cin sa, ɗanka yana cin sa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kira na ga masu girma hakiman Dutsin-Ma da Kurfi da shugabannin ƙananan hukumomin biyu: a yi rajistar shugabannin farauta, a ce ba mai tara ayari sai wanda aka sani, kuma kowace fita a rubuta ta. Ku kuma dattawan mafarauta, ku ne kuka fi kowa asara in kuka bar 'yan ci-da-ceto na ɓata maku suna. Ku duba da kanku: yaushe rabon da wani ya dawo da barewa ko gada daga dazukan nan namu? In aka ci gaba da ƙona daji da kashe mai ciki, jikokinmu za su ga zomo ma a waya, kamar yadda yaron nan ya ga ragon dutse ya ɗauka na Turawa ne.

Wanda ke ganin na yi kuskure, bismillah, ya zo da hujja mu tattauna, ban da zagi. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ta rashin tsaro. Amin.

Daga Ɗantutture.