Tubali 120 Da Tafin Hannu: Fasaha Ce Ko Yaudara?

Ran Talatar nan da ta wuce malaminmu na zane ya nuna mana hoton waɗansu tubalai a jere a ƙasa, ya ce wai aikin fasaha ne, har gidan ajiye zane-zane na Tate da ke Landan ya saya. Aji duka ya fashe da dariya. Wani abokina ya ce in haka ne, ashe magina na garinsu duk sun cancanci lambar girma. Ni ma na yi dariyar, amma da na kwana da abin sai na ga dariyar nan ta zo da wuri. Domin haka na roƙi Edita fili in faɗi ra'ayina, wanda bai yarda ba shi ma ya rubuto.

Abin da Turawa ke kira minimalizim, watau fasahar taƙaitawa, a Amurka ya taso, galibi a birnin Niyok, wajen shekarun 1960. Kafin lokacin, masu zanen da ake ji da su can su ne masu watsa fenti a kan ƙyalle, suna cewa abin da ke zuciyarsu suke zubarwa. Sai waɗansu samari suka gaji da wannan. A 1959 Frank Stella, yana ɗan shekara 23, ya nuna zane-zanensa baƙaƙe wuluk, ba kome a cikinsu sai layuka a jere. Donald Judd ya shiga tsara akwatunan ƙarfe, ya kan ba maƙeran masana'anta su ƙera masa, shi ko guduma ba ya ɗagawa. Dan Flavin kuwa dogayen fitilun lantarki na kanti ya riƙa kafawa a bango tun daga 1963. Nufinsu duka ɗaya ne: abu ya tsaya a kan abin da yake, kada ya zama hoton wani abu, kada ya ba da labari.

To, tubalan fa? Carl Andre ne ya jera su a 1966, guda 120, hawa biyu, kowane hawa shida sau goma, ba siminti. Tate ta saya a 1972. Ba wanda ya kula sai a 1976, sa'ad da jaridun Ingila suka tayar da ƙura cewa an ɓarnatar da kuɗin jama'a, har wani ya je ya watsa musu shuɗin rini. Amma ga abin da masu dariya ba su kan sani ba. Da fari jeri takwas ne a ɗaki guda, kowanne tubali 120 daidai, wani dogo siriri, wani gajere mai faɗi. Mai kallo yana zagayawa yana ganin yadda adadi ɗaya ke ɗaukar kamanni dabam dabam. Mu da ake koya mana mu nuna wa yara da tsakuwa cewa shida sau goma da biyar sau goma sha biyu duk sittin ne, bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Laifin da na gani shi ne raba ɗaya da 'yan'uwansa bakwai. Shi kaɗai a tsakar ɗaki, gaskiya ban ga abin da zai tsai da ni ba, kuma ba zan yi ƙaryar na gani ba don a ce na waye.

A wajen kiɗa ne na ba da kai gaba ɗaya.

A 1964 Terry Riley ya fito da wani kiɗa a San Faransisko mai suna In C. Dukansa shafi ɗaya ne, gutsattsarin sauti 53. Kowane makaɗi zai maimaita na fari iyakar son ransa, sa'an nan ya wuce na biyu, muddin bai yi wa sauran nisa ba. Saboda haka ba a taɓa kaɗa shi sau biyu ya fito iri ɗaya. Shekara ta zagayo, Steve Reich ya ɗauki muryar wani mai wa'azi a kan titi, ya sa ta a rikoda biyu a lokaci guda. Da yake gudun injin biyu bai zo daidai ba, muryoyin suka fara tare, a hankali ɗaya ta zame ta bar ɗaya, sai ga waɗansu sautuka suna fitowa waɗanda ba wanda ya rubuta su. Daga nan ya ce bari ya gwada da mutane masu rai.

Reich ɗin nan ya karanta littafin A. M. Jones, wani ɗan mishan Baturen Ingila, wanda ya fito a 1959 a kan kiɗan Afirka, musamman na Ewe. A 1970 ya tafi Jami'ar Gana da ke Legon ya zauna gaban gwanin makaɗi Gideon Alorwoyie yana ɗaukar karatu. Zazzaɓin sauro ya kore shi bayan mako biyar, ya koma gida ya tsara Drumming, wanda aka fara kaɗawa a 1971. Kada dai mu yi saurin cewa sata ya yi, gama ya riga ya kama hanyarsa kafin ya zo. Duk da haka abin ya tsaya mini a rai. Mu da muka tashi a makarantar mishan, da molon Turawa da littafin waƙoƙi aka koya mana abin da ake kira kiɗa na ilimi, ganga kuwa ta wasa ce. Ga shi wani ya ƙetare teku domin ya koyi abin da muka raina. Wanda ya taɓa tsayawa ya saurari mata uku suna lugude a turmi ɗaya, ya san yadda ɗan abu kaɗan, in an maimaita shi ana saɓa hannu, ya kan cika kunne.

Na san abin da za a ce: maimaici yana gundura. Lalle yana yi, kadan mutum ya zo yana jiran amshi da kirari. Waɗansu ayyukan Philip Glass ma sun fi ƙarfin haƙurina, wasansa na 1976, Einstein on the Beach, ya haura sa'a huɗu ba hutu. Amma masu cewa ragwanci ne, ina gayyatarsu su gwada Clapping Music na Reich, na 1972. Ba ganga, ba molo, mutum biyu ne da tafin hannunsu. Tafi uku, a tsaya, biyu, a tsaya, ɗaya, a tsaya, biyu, a tsaya, bugu goma sha biyu ke nan har da tsayawar. Na fari ba ya sakewa har ƙarshe. Na biyu, in an maimaita kaɗan, sai ya gusa da bugu ɗaya, haka haka har ya gusa sau goma sha biyu su sake haɗuwa.

Ni da abokin nan nawa mai maganar magina mun gwada bayan cin abincin dare. A gushi na uku ya rikice ya koma bina, muka sake, ni kuma na rikice a na biyar. Har aka buga ƙararrawar barci ba mu kai ƙarshe ba. Makarantar da aka tura ni gwajin koyarwa ba ta da ko usur na kiɗa, amma akwai yara arba'in a aji shida. Na yi niyyar in raba su gida biyu in ga ko za su wuce inda muka tsaya.