Wuta Ta Mutu, Hayaƙi Bai Tafi Ba

Hunturu ya kama, lokacin gobara ke nan a Tudun Wada. An saba, da zarar 'yan kwana-kwana sun juya, sai a jajanta, a share toka, a mayar da yara aji. Ba mu yarda da wannan gaggawa ba. Kunkunniyar ƙonannun robobi tana cin wayoyin lantarki da rufin kwano, tana ɓata rajista da littattafai, ƙaurinta na tayar wa masu asma ciwo. Fenti kuwa ɓoye ta kawai yake yi. Muna kira ga hukumar SUBEB ta Jihar Kaduna: kada a buɗe ajin da hayaƙi ya turnuƙe sai an wanke bango, an sauya silin, an duba wayoyi. Malamin da ya ƙi shiga kafin nan, ƙungiya tana bayansa.