Shin Kuɗin PlayStation Plus Ya Cancanta?

A zamanin PlayStation 3, kyauta ake buga wasa da abokai ta intanet. Da PS4 ta fito a 2013, sai Sony ta bi sahun Microsoft, wadda ke karɓar kuɗin Xbox Live tun 2002. A Satumban 2023 Sony ta ɗaga farashin rajistar PlayStation Plus ta shekara mafi arha a Amurka daga dala 59.99 zuwa 79.99, ƙarin da ya yi yawa.

Mai fafatawa da mutanen nesa a EA Sports FC kullum zai mori kuɗinsa. Amma wasannin da ake ba shi duk wata aro ne, ranar da rajista ta ƙare sai a kulle su.

Mai buga Fortnite kaɗai kuwa ba ya buƙatar biyan ko kwabo.