Ɗan Jinga a Ƙetare da Bashin Haraji

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da wuya a leƙa ɗakunan kwananmu tsakar dare ba a tarar da wanda ya duƙufa a kan kwamfuta yana yi wa wani kamfani na Ingila ko Amurka aikin jinga ba. Wannan fassara yake yi, wancan zane, wani kuwa manhaja yake haɗawa. Ga kuma yayyenmu da suka gama karatu suka tsallaka Dubai ko Landan cin rani, ba su da ubangida tsayayye, sai dai su karɓi kwangila su gama a sallame su. Akasarinsu sun ɗauka cewa tun da kuɗin ba daga Nijeriya ya fito ba, babu ruwan hukuma da shi. Wannan zato kuskure ne, kuma kuskure mai tsada.

Ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, waɗanda suka soma aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Ƙa'idarsu a fili take: duk mazaunin Nijeriya zai biya haraji a kan abin da ya samu, ko daga wace ƙasa aka aiko masa. To, wane ne mazauni? Wanda ya yi kwana 183 a ƙasar nan cikin wata 12 mazauni ne. Amma lissafin kwanaki ba shi kaɗai ake dubawa ba. Wanda ya bar gida da iyali da harkokinsa a Kano ko Zariya ya tafi ƙetare, doka na iya ci gaba da ƙirga shi cikin mazauna. Watau shiga jirgin sama ba ya yanke wannan igiya, ko da kuwa Dubai aka nufa, inda ba a karɓar haraji a kan abin da mutum ya samu.

A nan ne ɗan jinga ya bambanta da ɗan albashi. Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani ana zare masa haraji tun kafin albashi ya shigo hannunsa. Shi kuwa ɗan jinga shi ne ma'aikaci, shi ne akawun kansa. Wajibinsa ne ya yi rajista, ya lissafa abin da ya samu a shekara, ya cire abin da ya kashe domin aikin, ya kai bayani ga hukumar tara haraji ta jihar da yake zaune kafin ƙarshen Maris. Naira 800,000 ta farko ba a taɓa ta. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, a haka har a kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Misali, wanda ya tashi da naira miliyan 6 bayan cire abin da doka ta yarda a cire, ana bin sa naira 870,000. In ya cinye duka bai ware komai ba, ranar da takarda ta iso sai ya nemi abin sayarwa, ga tara a kai.

Akwai kuma haɗarin a tatsi mutum sau biyu, can da nan. Nijeriya ta ƙulla yarjejeniyar hana haka da ƙasashe kamar Ingila da Faransa da Kanada da Sin da Afirka ta Kudu, amma babu irinta tsakaninta da Amurka. Wanda ya biya haraji a ƙetare yana iya neman a rage masa a gida, sai dai da shaida a hannu. Saboda haka rasit da takardar kwangila da bayanin banki ba abin yasarwa ba ne.

Mun san abin da wasunmu za su ce. Za su ce da janareta da hasken rana muke aiki, da kuɗinmu muke sayen intanet, malamanmu kullum cikin barazanar yajin aiki, to da wane ido hukuma za ta miƙo mana hannu? Za su tuna mana cewa a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta murna. Gaskiya ne. Amma wancan haraji kuɗin kai ne da ake ɗora wa talaka ko ya samu ko bai samu ba, dogarai na biye da shi. Wannan kuwa gwargwadon samu ne. Ba adalci ba ne a zare wa malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya nasu kowane wata, alhali kuwa mai karɓar dala ya zame. Mu da muke karatu a jami'ar da dukiyar jama'a ta gina, mu ne ƙarshen waɗanda ya kamata su nemi hanyar zillewa.

Amma fa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta ƙara ƙulla yarjejeniyoyi da ƙasashen da matasanmu suke yi wa aiki. Muna kira ga jihohi da su sauƙaƙa rajista, su fitar da bayani da Hausa, kuma ma'aikatansu su bambanta ladan aiki da kuɗin cefane da ɗa ya aiko wa mahaifiyarsa, domin wannan kyauta ce, babu haraji a kanta. Sa'an nan a riƙa bayyana wa jama'a abin da aka tara da inda aka kashe shi.

Ita kuma ƙungiyarmu ta ɗalibai, ya kamata ta gayyato malaman shari'a da na lissafin kuɗi su yi mana lacca kafin Maris mai zuwa. Kafin nan, kowane ɗan jinga ya buɗe littafi, ya riƙa ware kason haraji daga duk kuɗin da ya shigo. Da rasit a hannunmu ne za mu iya tsayawa gaban kowane mai mulki mu tambaye shi ina kuɗinmu ya shiga.