Malaman Ingilishi na Tamanrasat suna ajiye alli a lokacin da aka fi bukatarsu

A watan Satumba na 2022 yaran aji uku na firamare a duk faɗin Aljeriya suka soma koyon Ingilishi, harshen da a da sai yaro ya shiga makarantar midil yake fara jin sa daga bakin malami. Shugaba Abdelmajid Tebboune ne ya ba da umarni ana cikin hutun ƙarshen shekara, aka ɗauki malamai kimanin 5,000 a kan kwantiragi, aka yi musu gajeren horo, aka rarraba su makarantu. Da shekara ta zagayo, jami'o'in ƙasar su ma suka fara mayar da wasu darussa zuwa Ingilishi. Sai kuma a 2025 aka yi dokar da ta rage wa malaman makaranta shekara uku: namiji in ya so yana iya yin ritaya yana da 57, mace tana da 52, maimakon 60 da 55.

Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da hujja, kuma ban ga laifin ko ɗaya ba. Haɗuwarsu ce ta dame ni. Ana shigo da sababbin malamai dubbai ta wannan ƙofa, tsofaffin hannu kuma suna fita ta waccan, ba tare da an zaunar da su wuri ɗaya ko na wata guda ba. Inda abin zai fi yin ciwo kuwa shi ne kudancin ƙasar, musamman Tamanrasat.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da malaman Tamanrasat. Da ruwanmu ƙwarai. Garin yana tsakiyar duwatsun Ahaggar, tafiyar kusan kilomita 2,000 daga Aljas babban birni, amma kimanin 400 kawai zuwa Ingizam, ƙofar shiga Nijar ta Asamaka, daga nan sai Arlit, sai Agadas. Wanda ya shiga kasuwar garin, ko ya halarci bajekolin Asihar da 'yan kasuwar Nijar da Mali ke zuwa, zai ji Hausa tana tashi tare da Larabci da Tamahak, harshen Abzinawan yankin. Akwai 'yan Damagaram da Tawa da Maradi da Kano da suka daɗe a can, suka yi aure, suka hayayyafa. Ta fuskar tafiya, Tamanrasat ta fi kusa da Agadas a kan birnin da ake tsara mata manhajar karatu.

A ɗauki malamin da ya shiga aji a farkon shekarun 1990, wanda yanzu lokacin tafiyarsa ya yi. Yana sabon malami aka yi gwajin 1993, lokacin da aka ba iyaye zaɓi tsakanin Faransanci da Ingilishi a aji huɗu na firamare. Kaɗan ne suka zaɓi Ingilishi, gwajin ya mutu. Ya koyar a shekarun rikicin da ya ci ƙasar daga 1992, lokacin da tafiya arewa don halartar bita ko neman littafi ta zama abin fargaba. Yana nan aka sace Turawa 32 masu yawon buɗe ido a Saharar Aljeriya a 2003, abin da ya karya kasuwar jagororin hamada, alhali zama jagora na daga cikin dalilan da ke sa yaron Ahaggar ya dage da koyon harshen waje. A shekarar ce kuma aka sauya tsarin ilimi, aka dawo da Ingilishi ajin farko na midil, aka kawo sababbin littattafai da sabuwar hanyar koyarwa, ya sake zama ɗalibi da furfura ta fara fito masa. Duk tsawon shekarun nan darasinsa na bayan layi ne. Larabci ne harshen gwamnati da addini, Faransanci ne harshen likita da injiniya, Ingilishi kuwa sai abin da ya rage a jadawali. Yau da aka ce harshen nasa ne mabuɗin gobe, shi kuma takardar sallamarsa ta fito.

Abin da mutumin nan ya sani ba ya cikin littafin jagoran malami da ake bugawa a Aljas. Yaron da ya taso a Abalasa ko Idalas ko Tazruk yana magana da Tamahak a gida, a masallaci da makaranta ya haɗu da Larabcin littafi, a titi da Larabcin kasuwa, wataƙila da Hausa in maƙwabtansu 'yan kudu ne. A tsarin 2022, a aji uku za a ɗora masa Faransanci da Ingilishi a shekara ɗaya, yana ɗan takwas, da haruffa iri ɗaya amma furuci daban. Tsohon malami ya san inda irin wannan yaro ke tuntuɓe. Ya san wane sauti ne ke ba shi wuya, wace jimla ce zai juya mata ƙirar Larabci, da kuma lokacin da shirunsa kunya ce ba rashin ganewa ba. Ya san yadda ake riƙe aji a watan da iska ke tashi da ƙura, da yadda ake shawo kan uban da ke son ɗansa ya bar boko ya bi mota zuwa iyaka. Wannan sani na shekara talatin ne, kuma ba a rubuce yake ko'ina ba. Ranar da ya miƙa makullin ofis, da shi zai tafi gida.

Ga kuma batun adabi, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai. Duk maganar da ake yi kan Ingilishi a yanzu, a Aljeriya da ma ƙasashenmu, maganar amfani ce: harshen kimiyya, harshen kwamfuta, harshen neman aiki a kamfanin mai. Gaskiya ne, kuma ba abin rainawa ba ne ga matashin da ke zaune ba sana'a. Amma malaman da ke barin aiki yanzu, a sashen Ingilishi na jami'a aka rene su da labari da waƙa da wasan kwaikwayo, kuma nagarin cikinsu ba su taɓa yarda a raba harshe da adabinsa ba, ko da manhajar sakandare ba ta ba su fili sosai ba. Malamin da ya san aikinsa, in ya ɗauko littafin Chinua Achebe na 1958 kan yadda zuwan Bature ya wargaza wani garin Ibo, ba zai bar ɗaliban Ahaggar su ɗauka labarin wasu mutane ne can nesa a kurmi ba. Zai tuna musu da Tit, ƙauyen da ke arewa da garinsu kaɗan, inda a watan Mayu na 1902 bindigogin rundunar Faransa suka karya mayaƙan Kel Ahaggar. Zai iya ƙara musu da cewa shekara ba ta cika ba Kano ta faɗa hannun Ingila a Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya a Maris. Daga nan littafin ya zama nasu. Yaron da aka koyar haka yana fita da harshe, yana kuma fita da sanin cewa abin da ya sami kakanninsa ya sami wasu, kuma ana iya ba da labarinsa. Saurayin da aka ɗauka a kan kwantiragi, aka ba shi makarantu biyu ko uku yana zagayawa a mako, bai da lokacin gano wannan da kansa. Sai an nuna masa.

Ba ina kira a tsare tsofaffin malamai a aji ba ne. Wanda ya yi shekara talatin yana tsaye gaban allo, maƙogwaro ya dushe, ido ya raunana da gyaran takardun jarrabawar bakaloriya, ya cancanci hutu. Malaman Aljeriya da kansu sun nuna hakan: gab da dokar Disambar 2016, wadda ta rufe damar yin ritaya bayan shekara 32 na aiki ko nawa ne shekarun mutum, dubbansu suka yi rububin miƙa takardu. Matasa masu digiri kuma suna jiran gurbi, haƙƙinsu ne su samu. Mu a Najeriya ta ɗaya gefen muka bi. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 na aiki. Niyyar mai kyau ce, amma kowa ya san da yawa daga masu murna da ƙarin ba ƙaunar alli ce ta sa su ba, tsoron abin da ke jiran ɗan fansho ne, na jiran garatuti shekara da shekaru. A nan dole in yaba wa Aljeriya: lissafinsu a fili yake, kashi 2.5 cikin ɗari na albashi kan kowace shekarar aiki, har zuwa kashi 80. Malaminsu yana tafiya da sanin abin da zai ci. To amma ƙasa ɗaya ta riƙe gajiyayye a aji, ɗaya ta sallami gwani kwata-kwata, kuma babu wadda ta tambayi me za a yi da abin da ke kansa.

Amsar tana cikin Tamanrasat ɗin kanta. Imzad, gogen Abzinawa mai tsirkiya ɗaya wanda mata ne kaɗai ke kaɗa shi, ya kusa ɓacewa a farkon wannan ƙarni, don tsofaffin da suka iya sun rage kaɗan, 'yan mata kuma ba sa koyo. A 2003 aka kafa wata ƙungiya don ceto shi, ƙarƙashin jagorancin Farida Sellal. Abin da suka yi ba wani abin mamaki ba ne: sun nemo tsofaffin, suka girmama su, suka ba su wuri da ɗalibai. Aka gina gidan Imzad a garin. A 2013 hukumar UNESCO ta sa kiɗan cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam da sunan Aljeriya da Mali da Nijar tare. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma mutanen Ahaggar sun riga sun gwada sun gani. In an yi wa masu goge haka, me zai hana a yi wa masu alli?

Ba abu ne mai tsada ba. A haɗa kowane malami mai ritaya da sababbin malamai biyar ko shida na yankinsa, ya riƙa leƙa ajinsu sau ɗaya a mako, ba a matsayin sufeto mai rubuta rahoto ba, a matsayin babba da ake kai wa kuka. A ba shi ɗan alawus da kuɗin mota. Jami'ar Tamanrasat, wadda ke ɗauke da sunan Amenokal Alhaji Musa Ag Akhamuk, ta buɗe musu ƙofa su zauna da ɗalibai masu shirin zama malamai. A kuma fara tun kafin mutum ya tafi, domin da yawa daga malaman kudu asalinsu 'yan arewacin ƙasar ne, kuma da zarar fansho ya fito sai su kwashe iyali su koma garuruwansu. Wanda ya hau jirgi ya tafi, ya tafi ke nan.

Akwai kuma aikin da ba wanda zai iya sai su. Waƙoƙin Ahaggar, har da na shahararriyar mawaƙiya Dasin, sun isa duniya ne ta hannun Charles de Foucauld, malamin Kirista Bafaranshe da ya zauna a Tamanrasat daga 1905 har aka kashe shi a Disambar 1916. Bayan mutuwarsa aka buga tarin waƙoƙin da ya tattara da ƙamus ɗinsa na Tamahak, dukansu da fassarar Faransanci. Fiye da shekara ɗari ke nan, kuma har yau mai son sanin adabin yankin yawanci sai ya bi ta Faransanci. Ɗan Ahaggar da ya tsotsi Tamahak a nono, ya yi karatu da Larabci, ya ƙare rayuwarsa yana koyar da Ingilishi, shi ne mutumin da zai iya kai waƙoƙin kakanninsa ga mai karatu a Zariya ko Akara ko Nairobi ba tare da ɗan tsakiya ba. Yanzu ne yake da lokaci. Mu Hausawa mun san abin da malamin makaranta ke iya yi in aka ba shi alƙalami da fili: Abubakar Imam yana koyarwa a midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Balewa ma malamin makaranta ne sa'ad da ya rubuta Shaihu Umar, labarin da shi kansa ya ratsa Sahara.

Maganar ba ta tsaya a Aljeriya ba. Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a kundin da ta fitar a 2025, ta sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ma'ana, ita ma za ta nemi malaman Ingilishi da yawa cikin gaggawa, kuma tsofaffin da ta mallaka a Maradi da Damagaram da Agadas ba su da yawa. A Kano da Katsina da Sakkwato kuwa kowace unguwa tana da dattijon da ya koyar da Ingilishi da adabi shekara talatin da biyar, yana zaune a ƙofar gida da rediyo, makarantar da ke bayan gidansa kuma tana fama da ɗaliban da ba sa iya rubuta wasiƙa.

Kirana ga hukumar ilimi ta jihar Tamanrasat, da ma'aikatun ilimi na Nijar da jihohinmu na Arewa, shi ne su fitar da sunayen malaman harshe da adabi da suka yi ritaya cikin shekara goma da suka wuce, su tambaye su wa ke da sauran ƙarfi da sha'awa. Kai kuma shugaban makaranta da ke karanta wannan shafi, ba sai ka jira takarda daga sama ba. Ka san gidan tsohon malaminka. Ka je ka gaishe shi, ka roƙe shi ya ba sababbin malamanka awa biyu a mako.